Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A wannan mako filin namu zai sauka Kuta, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro ta Jihar Neja, domin mu tattauna wata magana wadda ba a faye yin ta a bainar jama'a ba, alhali kuwa rayukan mutane da yawa a kanta suke rataye. Maganar ita ce, mutumin da ya san yana ɗauke da ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda ake kira HIV, idan wani ciwo dabam ya kai shi gaban likita, shin yakan faɗa wa likitan halin da yake ciki, ko kuwa yakan ja bakinsa ya yi gum? In kuwa ya yi shirun, a wuyan wa alhakin yake?

Kada mutanen Kuta su ga kamar mun ɗora musu wani tambari. Abin da aka san ƙasarsu da shi doya ce, sai kuma madatsar ruwan Shiroro da ke kan Kogin Kaduna, wadda aka buɗe a 1990 don ta ba ƙasa wutar lantarki. Dalilin zaɓen garin shi ne girmansa daidai yake da na garuruwan da akasarinmu muke zaune. Akwai babban asibitin gwamnati, akwai kasuwa, akwai hanyar mota zuwa Minna, kuma kowa ya san kowa. A gari irin wannan, akawun da ke yanka maka kati a asibiti ɗan unguwarku ne, ungozomar da za ta karɓi haihuwar matarka tare suke zuwa biki da surukarka, mai ba da magani kuwa watakila sahunku ɗaya a masallaci ko bencinku ɗaya a coci. Duk abin da za mu faɗa game da Kuta, mai karatu na iya cire sunan ya sa na garinsu.

Tun 1986 aka ba da rahoton wannan cuta a Nijeriya. A 2001 gwajin da ake yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari suna ɗauke da ita. Babban binciken da aka yi gida gida a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49, watau kimanin mutum miliyan 1.9 in an haɗa da yara da tsofaffi. Daga 2006 Gwamnatin Tarayya ta mai da maganin kyauta a asibitocinta, kuma maganin da ake ba akasarin manya yanzu ƙwaya ɗaya ce tak a rana, wadda ake kira TLD, mai haɗe da magunguna uku: tenofobir, da lamibudin, da dolutegirabir. Wanda ya riƙe ta da gaskiya, ƙwayar cutar takan kwanta a jininsa har na'ura ta kasa ganinta, ba ya kaiwa ga matsayin da ake kira ƙanjamau, kuma ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciyar aure.

Wannan ci gaba shi ne ya sa tambayar tamu ta zama ta kullum. A da, lokacin da ake yi wa cutar laƙabi da kabari-kusa, jiki ne ke tona asirin mai ita tun bai buɗe baki ba. Yau kuwa mai shan maganin zai yi maka kunyar doya daga hantsi har la'asar, ya ɗauki buhu, ya yi ƙiba, ya tsufa. Sa'an nan, kamar kowa, zazzaɓin cizon sauro zai kama shi, haƙori zai dame shi, babur zai kayar da shi, hawan jini ko ciwon sukari zai same shi. Karin maganar nan da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska ba ta aiki a nan. Likita ba shi da hanyar sani sai an faɗa masa, ko kuma ya nemi izinin gwaji.

Akwai wata ɗabi'a da ma'aikatan lafiya suka sani ko'ina a ƙasar nan, ita ce mutum ya tsallake asibitin garinsu ya tafi wani gari mai nisa karɓar maganinsa, don gudun idon sani. Mutumin ƙasar Kuta zai gwammace ya biya kuɗin mota zuwa Minna, wani ma har Bida ko Abuja, ya ce da mutanen gida ya tafi cin kasuwa. Ba mu ga laifinsa ba a kan haka. Inda gizo ke saƙa shi ne sauran cututtukansa a gida yake kai su, wurin likitan garin ko wurin mai kemis. Ka ga ke nan jiki ɗaya, kati biyu, likita biyu, kuma babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Wannan yana zuba nasa, wancan yana zuba nasa, a ciki ɗaya za su haɗu.

To, magunguna kuwa ba duka ne ke zaman lafiya da juna ba. Mu fara da wanda ya fi kowane arha, watau farin maganin nan na ruwa da ake sha don gyambon ciki ko ƙwannafi, wanda babu kemis ɗin da ba a sayar da shi. Sinadaran da ke cikinsa sukan kama dolutegirabir tun a cikin hanji su hana shi shiga jini. Haka ma ƙwayar ƙarin jini da ta ƙarin ƙarfin ƙashi, in an sha su tare da shi a kan cikin da ba abinci. Gyaran abin kuwa ba wuya, mutum ya sha ƙwayarsa awa 2 kafin maganin gyambon, ko awa 6 bayansa. Amma wa zai gaya masa haka in ba a san yana sha ba? Sai ya yi ta haɗiyar ƙwaya kullum bisa ƙa'ida, yana zaton yana cikin kariya, alhali ƙwayar cutar ta soma ɗago kai.

Tarin fuka ya fi wannan girma, don shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV a duniya. Babban maganinsa, rifamfisin, yakan sa hanta ta yi saurin narkar da dolutegirabir, saboda haka likitan da ya sani yakan ƙara wa mutum wata ƙwayar dolutegirabir ɗin bayan awa 12, har a gama maganin tarin. Wasu tsofaffin magungunan farfaɗiya ma haka suke yi masa. Mai ciwon sukari kuma abin ya juya ne, domin dolutegirabir yakan sa metfomin ya taru a jini fiye da kima, sai an rage. Ga kuma magungunan kashe ciwon jiki irin su diklofenak, waɗanda manoma ke sha tamkar gyaɗa in an dawo daga gona. Su da tenofobir duka biyu ƙoda suke wahalarwa, kuma ƙoda ba ta kuka sai ta kusa gamawa. Ban ce kowa ya haddace waɗannan sunaye ba. Aikin likita ne ya san su, aikin maras lafiya kuwa ya ba shi bakin zaren.

Ba a wajen magani kaɗai ɓoyon ke cuta ba, har wajen gane ciwon. Mutum ya zo da ciwon kai na mako biyu da zazzaɓi, likitan da bai san komai ba zai fara da abin da ya fi yawa, zazzaɓin cizon sauro, in bai ji ba a koma taifot. Wanda ya san garkuwar jikin mutumin ta taɓa faɗuwa kuwa, nan da nan hankalinsa zai tafi ga wani irin sanƙarau da ƙwayar funfuna ke kawowa, wanda ke da gwajinsa da maganinsa dabam, kuma yake kisa in an yi jinkiri. Kwanakin da aka ɓata ana allurar taifot, su ne kwanakin da za a nema daga baya a rasa.

Maganar mata masu ciki ita ta fi ci mini rai, don a nan shirun mutum ɗaya ne ke faɗa wa mutum biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a ɗauki mataki ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jariran da uwayensu ke ɗauke da ƙwayar za su kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko wajen shayarwa. In an ɗauki mataki, adadin yakan faɗo ƙasa da kashi 5. Cikin matakan akwai maganin ruwa da ake fara ɗiga wa jariri da zarar an haife shi, a ci gaba har mako 6 ko fiye, sai kuma gwajin jininsa a kan lokaci. Matar da ke karɓar magani a Minna, naƙuda ta kama ta da tsakar dare a ƙauye, aka kai ta ɗakin haihuwa mafi kusa, uwar miji na tsaye a kanta, idan ba ta sami yadda za ta raɗa wa ungozoma ba, jaririn zai koma gida ba tare da wannan magani ba. Tun a wajen awo ma akwai abin lura. Fansidar ɗin da ake ba masu ciki don rigakafin zazzaɓi ba a haɗa shi da Septrin, wanda da yawa daga cikin masu HIV ke sha kullum, don danginsu ɗaya kuma haɗuwarsu na iya yin illa.

Ƙasar Shiroro tana da wani nauyi na dabam a kan wannan. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tashin ƙauyukanta, har a watan Afrilu na 2021 Gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa wa duniya cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure. Jama'a da yawa suka kwararo Kuta da Gwada da Minna, wasu aka sauke su a makarantu. Wanda ya tsere da rigar jikinsa ba ya tsayawa neman katin asibiti ko robar magani. Ƙwayar cutar kuwa ba ta san uzuri ba, makonni kaɗan bayan an daina shan magani take dawowa cikin jini. In kuma mutum yana da ciwon hanta nau'in B, wanda tenofobir da lamibudin ke danne shi a lokaci guda, tsayar da su kwatsam na iya tayar da hantar. Irin wannan mutum ya fi kowa bukatar ya yi magana, kuma shi ya fi kowa rashin wurin yin ta. A ɗakin aji ake kwana mutum da yawa, in masu agaji sun zo duba marasa lafiya a fili ake kafa tebur, na bayanka a layi yana jin numfashinka. Wani kuma in ya sami asibiti sai ya gabatar da kansa tamkar sabon kamu, ya ɓoye cewa ya taɓa sha ya bari, alhali wannan tarihin ne zai nuna wa likita ko ƙwayar ta fara gagarar magani.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gaban likita ranar wanka ce. Amma fa a banɗaki ake wanka, ƙofa a rufe. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, asibitocinmu sun rufe ƙofar?

Masu ɓoyewa ba wawaye ba ne, abin da suka gani ne ya koya musu. A 1995 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Georgina Ahamefule, tana aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Ikko, ta yi rashin lafiya tana da juna biyu. Aka gwada jininta ba da saninta ba, aka ga tana da ƙwayar, aka sallame ta daga aiki. Da ta yi ɓari, asibitin da ta yi wa hidima ya ƙi yi mata wankin ciki. Ta kai ƙara, sai a 2001 alƙali ya hana ta shiga zauren kotu sai an kawo shaidar masana cewa ba za ta sa wa mutane ba. Sai a 2012 wata Babbar Kotun jihar ta yanke cewa an zalunce ta, ta ba da umurnin a biya ta Naira miliyan 7. Shekara 17 ke nan, kuma wannan 'yar gida ce, mai farar riga. Ina ga manomiyar da ba ta san hanyar kotu ba?

A 2002 an yi wani bincike a jihohin Kano da Gombe da Oyo da Abiya, aka tambayi likitoci da nas-nas da ungozomomi 1,021, aka buga sakamakon a 2005. Kashi 9 cikin ɗari suka amsa da bakinsu cewa sun taɓa ƙin duba mai wannan cuta. Kashi 38 suka ce sun taɓa faɗa wa dangin maras lafiya sirrinsa ba da izininsa ba. Kashi 20 kuwa suka ce da yawa daga masu cutar halinsu ne ya ja musu, sun cancanci abin da ya same su. An yi shekara fiye da 20 da wannan bincike, an horar da ma'aikata da yawa tun daga lokacin, kuma akwai waɗanda suka riƙe amanar marasa lafiya har suka yi ritaya ba wanda ya ji. Amma magana zarar bunu ce. Mace ɗaya da aka saka saboda wata ma'aikaciya ta yi suɓutar baki a gidan suna ta isa ta rufe bakin mata ɗari a garin. Ba kuma sai da baki ake tona asiri ba. Alamar jan biro a bayan kati, da sa safar hannu biyu don auna zafin jiki kawai, da mai da mutum na ƙarshe a jerin masu tiyata, da keɓe rana ɗaya ko ƙofa ɗaya wadda duk wanda aka gani a bakinta an san abin da ya kawo shi, duka waɗannan shela ce.

Ma'aikatan asibiti suna da tasu hujjar, kuma ya kamata a saurare su. Sukan ce su ne hannunsu ke cikin jini, allura na iya soke su, saboda haka haƙƙinsu ne a faɗa musu. Tsoron gaskiya ne, amma lissafin bai goyi bayansa ba. In allurar da aka yi wa mai HIV ta soki ma'aikaci, haɗarin kamuwa kusan 3 ne cikin 1,000, kuma akwai maganin kariya na kwana 28 da ake farawa cikin awa 72. Na ciwon hanta nau'in B kuwa yana iya kai 30 cikin ɗari ga wanda bai yi rigakafi ba, amma ban taɓa jin an mai da mai ciwon hanta ƙarshen layi ba. Bugu da ƙari, wanda ya san matsayinsa yana kuma shan magani shi ne mafi ƙarancin haɗari a ɗakin, mai haɗarin shi ne wanda bai taɓa gwaji ba, wanda ba shi da abin faɗa. Shi ya sa tun wajejen 1987 ƙa'idar aikin asibiti ta zama a ɗauki jinin kowa tamkar mai cuta, a sa safa don kowa, a dafa kayan aiki don kowa. Asibitin da ba shi da safar hannu, kukansa wurin Ma'aikatar Lafiya a Minna ya kamata ya kai, maras lafiya ba shi ne ya ci kuɗin safar ba. Faɗar da muke kira a yi, don amfanin mai faɗar ne, kuma ranar da ma'aikaci ya gane haka, ranar ce zai fara jin gaskiya daga bakin mutane.

Doka kam akwai ta. A 2014 aka kafa dokar hana nuna bambanci ga masu HIV, wadda ta haramta tona matsayin mutum ba da yardarsa ba, kuma ta tanadi hukunci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta wannan shekarar ita ma ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum sirri ne. A 2018 kuma aka ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin maras lafiya. Sai dai doka a Abuja take kwana, wanda ke kwana a asibiti shi ne babban likita da shugabar nas-nas. Su ne za su yanke inda ake ajiye katuna da wanda ke da izinin buɗe su, su ne za su sa labule, su ne kuma za su kira ma'aikacin da ya yi surutu su nuna masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Masu share ɗaki da masu gadi da masu tura keken marasa lafiya su ma a sa su cikin wannan horo, don sau da yawa ana mantawa da cewa suna da ido da kunne.

Wasu za su tuna watan Agusta na 1997, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa Fela. Wannan jarumtaka ce, amma ba ita ake nema daga mutumin Kuta ba. Ba a ce ya faɗa wa gari ba, ba a ce ya faɗa wa akawun kati ko mai gadin ƙofa ba. Kunne ɗaya ake nema, na wanda zai rubuta masa magani, ko ya yi masa tiyata, ko ya karɓi haihuwa. Yana da iko ya ce a fitar da kowa daga ɗakin kafin ya yi magana, har da ɗan'uwan da ya rako shi. In bakin ya yi nauyi, ya miƙa robar maganin ko katinsa na can, ko ya rubuta haruffan nan uku a 'yar takarda, likita zai gane. Mai ciki kuma ta nemi asibitin da take karɓar magani su shirya da ita tun cikin na wata bakwai, ta san inda za ta haihu, da wadda za ta faɗa wa, da yadda maganin jariri zai iso hannunta.

Saura wata matsala wadda ba a cika ambatonta ba, ita ce ta harshe. Ƙasar Kuta ƙasar Gbagyi ce, ga Hausawa da Fulani da sauransu, likitan da aka turo kuwa sau da yawa baƙo ne, wani ma ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu wanda ko Hausar bai iya ba. Tsohuwa ko amaryar da ba ta jin Turanci sai an nemo tafinta, tafintan kuwa ko mijinta ne, ko ɗanta, ko wani ma'aikaci ɗan garin da aka ƙwalla wa kira daga baranda. Ta yaya za ta faɗa? Ya kamata kowane asibiti ya keɓe ma'aikaci ɗaya ko biyu, mace da namiji, waɗanda aka horar aka kuma ɗora musu amanar wannan aiki, a bar maras lafiya ya zaɓi wanda ya yarda da shi. Likita kuma ya mai da ita al'ada, ga kowa da kowa, ya sallami 'yan rakiya na minti biyu, ya sassauta murya ya tambaya: akwai wani magani da kake sha kullum wanda ba ka so a sani a gida? In kowa ake yi wa haka, fitar da 'yan rakiya ba za ta zama alama a kan kowa ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.